Wata 'Yar'uwa Tana Bukatar Addu'a

Litinin, da yamma

Da rana tsaka ta iso, ina kan keken ɗinki. Ko sallama babu. Inuwarta ce ta faɗo kan yadin da nake ɗinkawa, na ɗaga kai sai ga 'yata ta fari a ƙofar shago, tana riƙe da Ƙawa, jikata, da hannun dama. Jakarta tana ƙasa, direban tasi ne ya sauke mata. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Mama. Kwana biyu muka zo."

Tun da ta yi aure ba ta taɓa zuwa kwana biyu ba. Gari ɗaya muke, coci ɗaya muke, kowace Lahadi ina ganinta a layin mawaƙa. Na rufe shago na ɗauki jakar. Yarinyar da ko bokiti ba ta bari in ɗauka, yau ta tsaya tana kallona ina jan jaka har gida.

Baban yara ya dawo ya gan ta, baki har kunne. "Uwata ce a gidanmu?" Haka yake kiranta tun tana goye. Ya tambayi mijinta, ta ce yana nan. Da muka zauna addu'ar yamma ya sa surukin nasa a ciki, ya roƙi Allah ya ƙara masa ƙarfi a hidimarsa. Ni kaɗai na ce amin.

Talata, da safe

Hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Na dafa ruwa na kai mata bayi, na ce ta bari in taya ta cire riga. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ta bari.

Ni tela ce. Kullum ina ɗora tef a jikin mutane, na ga tabon ƙuna, na ga na aikin asibiti, ban taɓa kau da kai ba. Yau na kau da kai. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Ta ce, "Mama, ki yi mini alkawari ba za ki gaya wa kowa ba. Ko Baba. Ki bar ni in huta in yi tunani." Na ce, "Daga ni sai Allah." Ta ce, "Shi ai ya daɗe da sani."

Talata, da rana

A shago rigunan mawaƙa ne jibge a kan tebur, shuɗaye masu farin wuya, sababbi. Mijinta ne ya kawo aikin, shi ne shugaban mawaƙa. A coci Mai Murya ake ce masa, kuma muryar akwai ta, wannan ba zan hana shi ba. Tasa rigar daban ce, da zare mai ruwan zinariya a bakin hannu. Da kaina na auna shi, yana dariya yana cewa, "Mama, ki saki hannun sosai, kin san ina ɗaga shi." Na zauna ina kallon awon hannun nan har wata mai kaya ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Laraba, da yamma

Iska ta bugo ƙofar ɗaki, Ƙawa ta ruga ƙarƙashin tebur. Uwarta ta ce wasa take yi.

Alhamis, bayan zumuntar mata

Ban tafi da niyyar yin magana ba, Allah ya sani.

Yadda muke yi ke nan: in an gama waƙa, Uwar Zumunta ta tambaya ko akwai mai nauyi a zuciya. Ba a kama suna. Sai dai mace ta ce, "Wata 'yar'uwa ɗanta ya fara shaye-shaye," ko "Wata 'yar'uwa mijinta ya rasa aiki." Mu rufe ido mu yi addu'a, kowa kuwa ta san wace ce, har launin labulen ɗakinta. Ni kaina gwana ce wurin ganewa, kafin a ce amin na gama lissafi.

Yau da aka yi tambayar sai na ji bakina ya buɗe. Abin yana ta cina tun Talata. Na ce, "Wata 'yar'uwa tana shan wahala a gidan aurenta. Wahalar da ba ta faɗuwa." Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Mijin kuwa mai hidima ne a gidan Allah."

Sun yi addu'a da ƙarfi, wasu har da kuka. Gaskiya na ji sanyi a raina, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. A bakin ƙofa Uwar Zumunta ta riƙe hannuna ta ce, "Na hango 'yarki a barandarku jiya. Hutu ta zo?" Na zare hannuna na kama hanyar gida.

Jumma'a, da rana

Yau shagona ya yi kasuwa. Matan coci sai shigowa suke yi, kowa da tsumma a hannu. Wata ta kawo siket wai maɓalli ya cire, na duba, maɓallin yana nan daram. Ta ce, "Au, ashe ba wannan ba ne. Ya yara? Ya 'yarki?" Na ce tana gaishe ta, na taka keke da ƙarfi har ta gaji ta fita.

Asabar, da yamma

Baban yara shi ne magatakardan coci, duk Asabar yana zaman dattawa. Yau ya dawo bai cire takalmi ba ya tsaya a tsakiyar falo.

"Abin da ke cikin gidana sai a bakin dattawa zan ji shi?"

'Yata tana ba Ƙawa abinci. Ta ajiye cokali. Ba ta kalli ubanta ba, ni ta kalla.

Na ce, "Ban kama sunanki ba. Addu'a kawai na roƙa."

Ta ce, "Mama, mu nawa ne muka kwaso jaka muka dawo gida a makon nan?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki yarinya ta shiga ɗaki, na ji ta sa sakata. Uban ya zauna ya dafe kai, can ya ce, "Da gaske ne abin da ake faɗa?" Na ce, "Ya fi haka." Bai sake tambaya ba, kuma na lura bai so in ƙara masa bayani ba.

Lahadi, bayan sujada

'Yata ba ta je coci ba. Mai Murya ya ja waƙa yana hawaye, rabin coci suka taya shi. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni ta ce, "Dubi yadda abin ya dame shi, bawan Allah."

Da aka tashi ya jira sai da fili ya cika, sannan ya zo ya zube a gabana, gwiwa biyu a ƙasa, cikin wandonsa mai guga. "Mama, ki gafarta mini. Shaiɗan ne ya shiga tsakaninmu." Ido duk a kaina. Me zan yi? Na kama shi na ɗaga. Wannan hannun ne na kama. Wani dattijo ya ce, "Madalla, madalla." Na dawo gida na wanke hannuna da sabulu kamar na taɓa ɗanyen kifi.

Litinin, da safe

Tana gaishe ni da safe, tana wanke kwanuka da hannu ɗaya, tana cewa "to, Mama." Bayan haka babu.

Talata, da yamma

Fasto ya zo da Dattijo Mai Kanti. Na fito da kofunan da ba a taɓawa sai ga baƙi, ban san abin da ya sa na yi ba. Aka kira ta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Fasto ya yi magana a hankali, shi ba mugu ba ne, tsoron dattawansa ne ya yi masa yawa. Ya karanta ayoyi a kan gafara da a kan aure. Ya ce Mai Murya ya amsa laifinsa a gabansu, ya tuba, kuma an dakatar da shi daga jan waƙa na ɗan lokaci. Saura ita. "'Yata, kin gafarta masa?"

Ta ce, "Na gafarta, Fasto. Komawa ce ba zan iya ba yanzu."

Mai Kanti ya ce, "Gafarar da ba ta koma ɗaki ba, a baki ta tsaya."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ku aiko matar Fasto ta shiga ɗaki da ita ta ga bayanta, sannan ku yanke." Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mama Tela, ba tonon asiri ya kawo mu ba." Asirin wa? Nata kam an gama da shi tun Alhamis, kuma ni na fara.

Ga abin da suka bari. Jibin Ubangiji, ranar da muke shan ƙoƙo mai tsarki a coci, yana zuwa Lahadi ta sama. In ta koma kafin nan, magana ta ƙare. In ba ta koma ba, za a sa ta a horo: a karanta sunanta a gaban jama'a, ta koma bencin baya, ba ta waƙa, ba ta shan ƙoƙo, sai ranar da ta yi biyayya. Suka yi addu'a, suka shanye shayina, suka tafi.

Sai da na kwashe kofuna na tuna wanda yake karanta sanarwa a coci. Na juyo na kalli Baban yara. Shi tun ɗazu ya tuna.

Laraba, da safe

Na dai durƙusa zan yi addu'a. Ban ce komai ba. In na buɗe baki rashin kunya zan yi wa Allah, shi ya sa na tashi na kama shara.

Laraba, da yamma

Na ce da Baban yara, "Ba za ka karanta ba."

Ya ce, "In ban karanta ba wani zai karanta."

"To bari wanin ya karanta."

"Sai in zama me? Mutumin da ya karanta sunan 'ya'yan mutane, da aka zo kan tasa ya noƙe? 'Yar mai gadi da bakina na kira sunanta, uwarta tana zaune tana kallona."

Na ce, "Sai ka zama ubanta."

Ya tashi ya fita baranda. Na san na soke shi, kuma ban yi nadama ba. Amma na leƙa daga baya na gan shi yana laluben maganin hawan jininsa. Ita ma ta gani, tana tsaye a taga.

Alhamis, da rana

Ban je zumunta ba. Gidan Uwar Zumunta na je kafin lokaci, na same ta tana guga. Na ce, "Yaya, mu ne muka fi yawa a cocin nan. Mu ke shara, mu ke girki in an yi taro, mu ke cika benci. In muka tashi gaba ɗaya muka ce ba a karanta sunan yarinyar nan ba, wa zai karanta?"

Ta ajiye dutsen guga. Ta ɗaga ɗankwalinta ta nuna mini wani wuri bayan kunne inda gashi bai sake fitowa ba. Ta ce, "Marigayi mijina ne. Na yi haƙuri, ga ni ban mutu ba, 'ya'yana duk a ɗakin ubansu suka tashi. Ki gaya mata ta riƙe addu'a."

Shekaru muna zama benci ɗaya da matar nan ban sani ba. Na so in rungume ta, na kuma so in kwaɗa mata mari. Na yi mata sai an jima.

Jumma'a, da yamma

Na gama rigunan. Ta Mai Murya na bari ƙarshe. Na matse hammatar sosai yadda in ya ɗaga hannu za ta ɓarke a gaban kowa. Na rataye ta na yi ta kallo, raina fari. Sai na sauke, na farke, na sake ɗinkawa daidai. Ko mugunta ban iya ba, sai surutu.

Lahadi, bayan sujada

An dakatar da Mai Murya, amma a bencin gaba ya zauna. Mataimakinsa yana jan waƙa yana waiwayensa, shi kuma yana ba shi lokaci da yatsa.

Litinin, da rana

Na kira ƙanwata da ke wani gari, ta ce a turo su, akwai ɗaki. Na shiga wurin 'yata da murnata, na ce ta haɗa kaya, gobe da safe in kai su tasha.

Ta ce, "Sai a karanta sunana ina can, Baba yana nan."

"Ubanki babba ne, zai ɗauka."

"Kin ga yana cin abinci?"

Ban gani ba. Kwanonsa yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Na ce, "Ranki ya fi kujerarsa."

Ta ce, "Da kin bar ni na yi tunanina a hankali, Mama, da wataƙila can ɗin zan tafi da ƙafata, ba wanda ya sani sai na yi nisa. Yanzu kowa ya sa ido." Ta ci gaba da tsefe wa Ƙawa kai. Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun ranar nan.

Laraba, da safe

Hannun ya fara ɗaguwa. Na ji haushin warkewarsa, Allah ya gafarta mini. Nan da Lahadi ba abin da zai rage da za a nuna wa kowa.

Jumma'a, da yamma

Mai Murya ya aiko da burodi da lemo da takalmin yarinya. Ƙawa ta sa takalmin tana tsalle a falo. Ba wanda ya hana ta.

Asabar, da rana

Baban yara yana da ɗabi'a, duk Asabar sai ya shiga ɗaki ya karanta sanarwar gobe da ƙarfi, don kada harshensa ya sarƙe a gaban mutane. Muna yi masa dariya a kai tun yara suna ƙanana. Yau ya dawo daga zaman dattawa ya shiga ya tura ƙofa.

Muna kicin ni da ita, bango ɗaya ne tsakaninmu da shi. Muka ji taron matasa, muka ji ranar sharar coci, muka ji gyaran rufi. Sai ya ce, "Dattawan ikkilisiya suna baƙin cikin sanar da cewa 'yar'uwarmu…" Ya tsaya. Ya yi gyaran murya ya koma taron matasa. Ya sake gangarowa har wurin, ya sake tsayawa. A karo na gaba muryar ba tasa ba ce.

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta wanke hannu, ta goge a zane. Na tare ƙofar kicin. Na ce, "Kada ki yi." Ta ce, "Matsa, Mama." Na matsa.

Ta ƙwanƙwasa masa ta ce, "Baba, ka bari. Ka kira su ka ce zan koma." Na jira in ji ya ce a'a. Na kasa kunne sosai. Kukansa kawai na ji, yana cewa, "Uwata, Uwata, Allah ya yi miki albarka."

Asabar, da yamma

Mai Murya ya zo da motar aro, da Mai Kanti a gaba. Aka yi addu'a a falo, aka riƙe hannu. Shi ya ɗauki jakar, har da cewa, "Kawo, kada ki wahala."

Na bi ta har bakin ƙofa. Na rage murya na ce, "In wani abu ya sake faruwa, ko da takalmi ɗaya ne ki taho. Ƙofar nan a buɗe take."

Ta gyara wa Ƙawa riga, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ba zan sake zuwa nan ba, Mama. Ba don fushi ba. Gidan nan ba ya iya ɓoye mutum." Sai ta ƙara da cewa, "In za ki yi mini addu'a, ki yi a zuci."

Ƙawa ta ɗaga mini hannu ta tagar mota. Ita gaba take kallo.

Lahadi, bayan sujada

Baban yara ya karanta cewa ikkilisiya tana godiya ga Allah da ya maido da salama a wani gida. Harshensa bai sarƙe ba. Aka yi tafi. Mawaƙa sun sa sababbin riguna, an dawo da Mai Murya kan aikinsa, rigar ta zauna masa cif. Mata sai yaba ɗinkin suke yi.

Da ƙoƙo ya iso layinmu na karɓa na sha. Ban gafarta wa kowa ba, kuma na sha.

A waje Uwar Zumunta ta rungume ni ta ce, "Kin ga ikon addu'a? Ranar Alhamis ke za ki ba da shaida." Na ce makogwarona yana ciwo.

Talata, da safe

Baban yara ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Na zuba masa.

Alhamis, da rana

Na kira 'yata a waya, ba a ɗauka ba.

Jumma'a, da rana

Ba a ɗauka ba. Baban yara ya ce in bar su su daidaita, kada in zama surukar da ke hana aure zama.

Asabar, da safe

An ɗauka. Shi ne. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi shago, ya tambayi jikin Baba. Na ce ya ba ni ita. Ya ce tana kwance, santsi ne ya kwashe ta a bayi, amma kada in damu, ya riga ya yi mata addu'a.